Barcin Matasanmu Da Ƙararrawar Ƙarfe Bakwai Da Rabi



Akwai kukan da iyaye ke yawan kawowa gaban malamai, a nan Mokolo da Marwa da Garwa, kusan da lafazi ɗaya. Yaron da yake riga kowa tashi lokacin yana ɗan shekara 9, yau ya kai 15 sai an yayyafa masa ruwa kafin ya tashi sallar asuba. A aji yana gyangyaɗi, a gida ga saurin fushi, amma da dare idonsa biyu har ƙarfe 11. Galibi hukuncin da ake yankewa shi ne lalaci ya shige shi, ko ya haɗu da abokan banza. Wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai likitoci sun gano wani dalili da ke cikin jikin yaron, wanda ya sa wasu ƙasashe suka jinkirta lokacin shiga makaranta, har wasu 'yan bokonmu suka fara tambaya ko mu ma ya kamata mu bi sahu. Za mu bayyana abin da aka gano ɗin, sa'an nan mu auna shi da rayuwarmu.

A jikin ɗan Adam akwai agogon da Allah Ya dasa, haske da duhu ne ke saita shi. Idan dare ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ake kira melatonin, shi ne ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Wata mai bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, Mary Carskadon, ita da abokan aikinta sun nuna tun shekarun 1990 cewa idan yaro ya shiga balaga wannan agogo yakan ja baya. Sinadarin sai ya riƙa zuwa a makare, da awa ɗaya zuwa biyu, kuma gajiyar da ke tara wa mutum barci tana taruwa a hankali fiye da yadda take yi wa ƙaramin yaro. Shi ya sa ƙanensa ɗan shekara 8 yake ɓingirewa a kan tabarma bayan isha'i, shi kuwa ko ka tura shi ɗaki sai dai ya yi ta juyi. Abin lura shi ne buƙatar barcin ba ta ragu ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2016 cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Wato jikinsa yana son ya kwanta a makare, ya kuma tashi a makare, makaranta kuwa ba ta jiransa.

Illar ƙarancin barcin ba ƙarama ba ce. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, don haka mai hadda da ke gajarta darensa domin ya ƙara shafi yana zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Bincike ya danganta ƙarancin barcin matasa da raunin natsuwa, da baƙin ciki mai tsanani, da ƙiba, da haɗarin hanya. Mu da samarinmu ke hawa babur tun suna 'yan 16, wannan na ƙarshen ya isa ya tayar mana da hankali.

Saboda haka ne garin Edina a jihar Minnesota ya mayar da shiga ajin sakandare ƙarfe 8:30 a 1996, Minneapolis ta bi a 1997. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun matasa su fara darasi kafin 8:30. Birnin Seattle ya matsa daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, masu bincike na Jami'ar Washington suka ɗaura wa ɗalibai na'ura a hannu suna auna barcinsu, suka tarar ya ƙaru da minti 34 a kowane dare, makara da fashin aji sun ragu a makarantar 'ya'yan talakawa, sakamakon darasi ya ɗan ɗaga. Masu cewa yaran za su ƙara daɗewa ne kawai da dare ba su yi gaskiya ba: lokacin kwanciyarsu bai canja sosai ba, safiyar ce ta ƙaru musu. Jihar Kaliforniya ta mayar da abin doka a 2019, ta fara aiki a 2022. Filorida ma ta yi irin dokar a 2023, amma a 2025 ta sassauta ta tun ba ta fara aiki ba, saboda tsadar motocin ɗaukar ɗalibai da rikicewar lokutan aikin iyaye.

To, wannan shi ne labarinsu, kuma ba mu da dalilin ƙaryata shi. Amma duk lissafin nan an gina shi ne a kan yaron da makaranta ce kaɗai ke tashinsa. Ɗan musulmi ba ƙararrawar makaranta ke tashinsa ba, ladan ne. A Mokolo alfijir yakan keto wajen ƙarfe 4:30 a watannin Mayu da Yuni, wajen 5:10 a Janairu, yayin da mafi yawan makarantun sakandaren gwamnati suke shiga aji 7:30, su tashi wajen 3:30 na yamma, ban da Laraba da ake tashi da wuri. Ko an kai ƙararrawa ƙarfe 9, asuba tana inda take.

Mu yi lissafin tare. Yaron da zai tashi 4:45, idan ana son ya sami awa 8, sai barci ya ɗauke shi ƙarfe 8:45 na dare, wato kamar awa ɗaya da 'yan mintuna bayan isha'i. Idan sai 11 ya kwanta, awa 5 da minti 45 ya samu. Giɓin awa 2 da kwata ke nan kowane dare, a kwana biyar na makaranta ya haura awa 11. Wannan yaro ne ake so ya fahimci lissafi da Faransanci ƙarfe 7:30, ya biya allonsa da yamma, ya ci BEPC ko Probatoire a ƙarshen shekara. Wanda aka ɗora wa wannan kaya in ya yi gyangyaɗi, ba bulala yake buƙata ba. Muslim ya ruwaito cewa a kan hanyar dawowa daga Khaibara barci ya rinjayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sahabbansa, har da Bilal da aka bari ya tsare musu alfijir, ba su farka ba sai da rana ta fito, suka rama sallar, kuma ba a hukunta Bilal ba. Ba muna ba yaro uzurin barin salla ba ne. Muna cewa a tashe shi da tausayi, sa'an nan a binciki inda darensa ya tafi.

Shin jinkirta makaranta ba shi da wani amfani gare mu ke nan? Yana da shi, ta fuska biyu. Ta farko, yaron da ya yi asuba ya yi karatunsa yana iya komawa ya ɗan kwanta idan akwai tazara. Nan wasu za su ɗaga gira, domin an taso da mu a kan ƙin barcin safe, kuma da tushe: Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Sakhr al-Gamidi addu'ar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa al'ummarsa ta albarka a sammakonta, Ibnul Ƙayyim kuma ya tsananta wajen ƙin barcin wannan lokaci. Amma babu ingantaccen nassi da ya haramta shi, ruwayar da ake yawan ja cewa barcin safe yana hana arziki malaman hadisi sun raunana ta. Barin abin da ya fi falala daban, saɓo daban. Matashin da ya sallaci asuba a kan lokaci ya koma ya cike awa ɗaya domin jikinsa na buƙata, bai yi laifi ba.

Fuska ta biyu ita ce yaran ƙauyukan kan duwatsun Mandara, musulminsu da waɗanda ba musulmi ba, da ke takowa da ƙafa zuwa makarantun cikin gari. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe 6, ga sanyin hunturun Mokolo da kowa ya sani, ga yanayin tsaron da Mayo-Tsanaga ta shiga tun fiye da shekara goma. Yarinyar da za ta yi tafiyar awa ɗaya da rabi cikin duhu take barin gida. Rabin awa da za a ƙara mata a waɗannan watanni ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai kowace awa da aka ƙara da safe za a biya ta da yamma. Idan aka tashi 4:30, a Nuwamba magariba wajen 5:40 take, wannan yarinyar dai ita ce za ta isa gida da duhu, Islamiyyar bayan la'asar kuwa ta mutu. A Garwa matsalar ta fi haka: daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, aji mai rufin kwano da ɗalibai cunkushe ba wurin karatu ba ne ƙarfe 2 na rana. Can sanyin safiya shi ne dukiyar malami da ɗalibi, wanda ya jinkirta shi ya yi asara. Abin da muke gani shi ne, awa ɗaya ba za ta dace da Mokolo cikin hunturu da Garwa cikin bazara ba, balle a kwafo ta daga Seattle. Abin da ya cancanci ƙungiyoyin iyayen ɗalibai su nema daga hukumomin ilimi shi ne a ba yankuna damar ɗan matsar da lokaci gwargwadon yanayin shekara.

Wannan kuwa magana ce ta ofis da takarda, tana iya daɗewa. Abin da ke hannunmu shi ne dare, kuma a nan ne mafi yawan awoyin suke ɓacewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza al-Aslami cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Mai karatu zai ce ai yanzu muka faɗa cewa jikin matashi ba ya karɓar barci da wuri. Haka ne, amma balaga ba ita kaɗai ke jan agogon ba, haske ma yana jan sa. A 2013 wani mai bincike a Jami'ar Colorado, Kenneth Wright, ya kai mutum takwas, manya ne ba yara ba, suka yi mako guda a daji babu lantarki babu waya, sai hasken rana da na wutar itace. Da aka auna su, agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa 2. Almajiran tsangaya na da, da ke karatu a bakin wuta su kwanta, balaga ta same su kamar kowa, amma ba su da ƙaramar rana a tafin hannu. Yau yaro yana kwance cikin gidan sauro, wayar tana haska masa ido, kuma abin da yake kallo a TikTok ko WhatsApp ba mai bari zuciya ta kwanta ba ne. Ƙara da wasannin Gasar Zakarun Turai, waɗanda daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris yawancinsu ƙarfe 9 na dare agogonmu ake fara su, a tashi kusan 11, Talata da Laraba, gobe kuma akwai makaranta. Ƙara da shayin majalisa mai kauri, wanda rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsa yana nan a jiki bayan awa biyar.

Ba waya da ƙwallo kaɗai za a kama ba. Akwai yarinyar da sai ta gama wanke-wanke da tallan dare za ta buɗe littafi, kuma ita za a fara tasa ta hura wuta ta nemo ruwa. Akwai kuma tsarin karatun addini, muna kuma roƙon 'yan'uwanmu malamai su duba wannan da idon basira. Tsangaya ta gado tana hutun Alhamis da Juma'a, tana da hutun tsakar rana. Boko tana hutun Asabar da Lahadi. Ɗalibin da ke haɗa biyun sau da yawa ba ya samun ko ɗaya: ranar da wannan ta sake shi waccan ta kama shi, a cike masa safiyar Asabar da Lahadi, a ƙara masa darasin dare. Karatun bayan isha'i da ke kai ɗan makaranta ƙarfe 10 gara a dawo da shi tsakanin magariba da isha'i, a bar masa safiya ɗaya a mako bayan asuba. Haka wa'azin dare da lasifika a tsakiyar unguwa: akwai gidajen da ba su zo ba amma su ma ba su yi barci ba.

Saura ƙailula, wadda Suratun Nur a aya ta 58 ta ambaci lokacinta cikin lokuta uku na sirrin gida, sahabbai kuma suka riƙe ta al'ada. Tsarin makarantar da ke wucewa har 3:30 ya cinye ta. Masu bincike a Singapore sun gwada matasan da aka taƙaita wa barcin dare, suka ga barcin rana yana dawo musu da wani kaso na natsuwa, amma bai kai su matsayin waɗanda suka cika darensu ba. Don haka faci ce, ba sabuwar riga ba. Minti 20 zuwa 30 bayan dawowa ya wadatar, amma in ya zarce har gab da magariba daren ne zai biya. A Ramadan, wanda a waɗannan shekaru yake faɗowa tsakiyar zangon karatu, ga tarawihi ga sahur, buƙatarta ta fi tsanani.

Uban da yake son ya san gaskiyar ɗansa, ya ɗauki mako guda yana rubuta lokacin da fitilar ɗakinsa ta mutu da lokacin da aka tashe shi, ya haɗa jimilla. Idan ta gaza awa 8, a karɓi wayoyin gida bayan isha'i a ajiye wuri ɗaya, har da ta maigida, a riƙa matso da kwanciya kwata-kwatan awa duk bayan 'yan kwanaki, domin agogon jiki ba ya juyawa dare ɗaya. Idan kuwa awoyin sun cika amma yaron yana nan cikin kasala, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na yankewa, ko ya rame ya janye daga mutane, to a kai shi asibiti a duba jininsa da lafiyarsa, a kuma tambaye shi cikin sirri da lallashi ko yana shan wani abu.