Ƙarar da ke lafawa idan inji ya ɗumama: Yadda kusa ɗaya ke jawo asarar kan inji

Masu manyan motocin a-kori-kura ƙirar Amurka, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram, sun san wata ƙara mai kama da bugun agogo da ke tashi da safe idan an kunna inji, sannan ta lafa bayan 'yan mintuna. Da yawa sukan ɗauka motar ta warke da kanta. Alhali ƙarfe ne ya ɗumama ya buɗe, ya toshe kafar da hayaƙi ke tsiyaya, kuma gobe da safe kafar za ta dawo.

Tushen matsalar yana wurin manifol, wato ƙarfen zubi da ke tattara hayaƙin silindoji ya miƙa shi ga salansa. Kusoshi masu kaurin milimita 8 ne ke ɗaure shi a jikin kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda. A galibin waɗannan motoci kan injin na alminiyam ne, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Kullum kusa tana tsakanin ja da saki, har ta gaji ta karye, yawanci ta can baya kusa da direba. Motocin da aka shigo da su na hannu daga jihohin arewacin Amurka sun fi shan wahala, domin gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara ya riga ya cinye kusoshin da tsatsa.

Barin matsalar yana da tsada. Iska na kutsawa ta kafar, na'urar auna iskar oksijin ta yaudari kwamfutar mota, ita kuma ta ƙara fetur, abin da ma'aikaci ke ji a aljihunsa tun bayan cire tallafi a 2023. Mafi muni shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana iya shiga cikin mota yayin da aka rufe gilasai a cunkoson hanyar Nyanya.

Wurin cire guntun kusar ne ake gane gwani. Hanyar da ta fi aminci ita ce walda: a cire kan batir, a ɗora noti a kan guntun, a cika cikinsa da walda, a bari ya huce, sannan a juya shi gaba da baya a hankali. Zafin waldar yana sassauta tsatsa, kuma waldar ba ta kama alminiyam. Sau da yawa notin yakan ɓalle sai an sake sau uku ko huɗu, kuma wannan ba gazawa ba ce. Idan guntun ya nutse ciki, sai a huda tsakiyarsa daidai da bakin diril mai juyawa hagu, wanda wani lokaci yakan fito da kusar tun kafin a gama hudar.

Haɗarin yana nan. Diril da ya karkace zai iya ɓula hanyar ruwan sanyaya inji. Ƙarfen zaro kusa kuwa yana da tauri ƙwarai, idan ya karye a ciki diril na yau da kullum ba ya cin sa, sai a sauke kan injin gaba ɗaya. Mai mota da ya tsaya a kan makaniki a Apo yana duba agogo saboda taron ƙarfe biyu, shi ne kan jawo irin wannan. Idan zaren ramin ya lalace, ana gyara shi da Helicoil.

Tunda an riga an kwance wurin, wasu kan maye gurbin manifol da hedas, bututun ƙarfe da ke ba kowace silinda hanyarta daban domin hayaƙi ya fita cikin sauƙi. Gajerun hedas suna zama a gurbin manifol ba tare da taɓa sauran salansa ba, amma ƙarfin da suke ƙarawa kaɗan ne. Dogayen sun fi tasiri, sai dai sukan tilasta a matsar ko a cire na'urar tace hayaƙi, a kuma sake saita kwamfuta. A Amurka cire wannan na'ura a motar da ke hawa titi ya saɓa wa dokar tarayya. Hedas kuma suna fitar da zafi fiye da ƙarfen zubi, don haka wayoyi da kikstata da ke kusa suna buƙatar kariya.

Ga motar zuwa ofis da ziyarar gida, manifol da aka daidaita fuskarsa, da sabon gaskit da kusoshi masu inganci, sun wadatar. Wanda ya nace kan hedas ya tabbatar an shafa wa kusoshin man hana tsatsa, an ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe da sufana mai auna ƙarfi, kuma ya mayar da motar a sake duba ɗaurin bayan kwanaki kaɗan na tuƙi.