Saƙar 'Yar Tsana da Kwarashi: Yadda Ake Fitar da Kamannin Totoro daga Tsari na Gama-gari

Mafi yawan 'yan tsanar da ake saƙawa da kwarashi a yau, ko na mutum ne ko na dabba ko na wata halittar da ba ta wanzu sai a fim, tushensu ɗaya ne, wato ƙwallo da bututu da faffaɗan da'ira, waɗanda ake saƙawa daban-daban, a cusa musu auduga, sannan a harhaɗa da allura. Wannan salon ya shahara da sunansa na Japananci, amigurumi, domin a Japan ya bunƙasa kafin intanet ta yaɗa shi zuwa sauran ƙasashe. Macen da ta saba saƙa hula da safa da rigar sanyin jarirai da zaren ulu, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa na ƙasar Hausa, ta riga ta mallaki hannun aikin, abin da ya rage mata shi ne fahimtar lissafin da ke cikin tsarin saƙa, wato rubutaccen bayanin da ke faɗin adadin ƙullin kowane zagaye, domin wanda ya gane dalilin waɗannan lambobi ne kaɗai ke iya sauya su ba tare da aikin ya lalace ba.

Ana farawa da ɗan zoben zare wanda ake iya zuge bakinsa ya rufe, a saƙa gajerun ƙulli 6 a cikinsa, sannan a ci gaba da kewayawa ba tare da rufe zagaye ba, kamar yadda mai ɗinkin faifai ke tashi daga cibiya tana nannaɗewa zuwa baki. A zagaye na biyu ana yin ƙulli biyu a cikin kowane ɗaya, adadin ya zama 12, daga nan kuma a riƙa ƙara 6 a kowane zagaye, ya zama 18, 24, 30, 36. Wannan shida tana da dalili, domin gajeren ƙulli tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, kewayen da'ira kuwa yana ƙaruwa da ninki 6 da ɗan ɗoriya na duk abin da aka ƙara daga cibiya zuwa baki, saboda haka ƙarin 6 ne ke sa saƙar ta kwanta shimfiɗe. Idan ƙarin ya gaza haka sai gefen ya miƙe sama ya yi zurfi, idan ya wuce kuma sai ya yi ta lanƙwashewa yana tattarewa, kuma da wannan tattarewar ce masaniyar lissafi Daina Taimina ta fara saƙa, a 1997, siffofin da ta koyar da ɗalibai da su a Jami'ar Cornell ta Amurka. Ƙwallo yana samuwa ne idan aka yi ƙari, aka bi shi da wasu zagaye marasa ƙari ko ragi, sannan aka yi ragi, wato haɗe ƙulli biyu su koma ɗaya, har bakin ya rufe.

Totoro, halittar daji ta fim ɗin zane da Hayao Miyazaki ya shirya a kamfanin Studio Ghibli a 1988, wadda ta zama tambarin kamfanin, misali ne mai kyau na yadda ake juya tsari na gama-gari. Irin wannan tsari yakan ba da kai daban, gangar jiki daban, da dogayen hannuwa da ƙafafu, alhali Totoro ba shi da wuya, kansa da jikinsa dunƙule suke a siffar ƙwai mai faɗin gindi. Gyara na farko ke nan, a haɗe kai da jiki su zama gaɓa ɗaya. Mai saƙa tana iya farawa daga ƙasa da zare mai ruwan toka, ta yi ƙari har ƙulli 48, ta yi kamar zagaye 10 a miƙe, sannan ta jinkirta ragin, ta riƙa rage 6 bayan kowane zagaye uku maimakon kowane zagaye, wanda hakan ke sa jikin ya tsuke sannu a hankali zuwa kafaɗa. Sai a can ƙoli ta gaggauta ragin domin kan ya rufe. Ƙafafun ana gajarce su ƙwarai, wutsiyar kuma gajeren bututu ne mai kauri wanda ke taimaka wa 'yar tsanar ta zauna daram. Kunnuwan sun fi neman kula, domin masu tsini ne a sama, da ɗan faɗi a tsakiya, matsattsu a gindi, don haka ake fara su da ƙulli 4, a yi ƙari kaɗan, a sake ragewa kafin a ɗinka su a kai.

Kamanni ba ya fitowa daga yawan ado, kuma a nan ne masu koyo da yawa ke wahalar da kansu. Abin da ido ke fara ganewa shi ne siffar jiki daga nesa, sai alamomi biyu ko uku da halittar ta keɓanta da su, waɗanda ga Totoro su ne cikinsa fari mai ɗan duhu da ake saƙawa daban a ɗinka a gaba, da 'yan alamu masu kusurwa da ke jere a ƙirjinsa, da ƙananan idanu kewayayyu masu nisa da juna, da gashin baki. Tazarar ƙulli ɗaya a wurin sa ido tana iya sauya fuskar gaba ɗaya, shi ya sa ya kamata a kafa kowace gaɓa da fil, a ja baya a duba, kafin a ɗinke. Fim ɗin yana da wasu Totoro biyu, matsakaici shuɗi da ƙarami fari, kuma ana samun su daga tsari guda ta hanyar sauya launi da rage zagayen ƙari, ko ɗaukar siririn zare da ƙaramin kwarashi.

Kwarashin ya kamata ya gaza girman da aka saba amfani da shi ga wannan zaren, domin saƙar ta matse, audugar kada ta leƙo ta ƙofofi, kuma audugar roba ta fi dacewa saboda tana jure wanki. Tun da zagayen ba ya rufewa, ana saƙala guntun zare mai wani launi a ƙullin farko don kada ƙirga ta ɓace. Mai bin tsarin da aka rubuta da Turanci kuma ta bincika ko na Amurka ne ko na Birtaniya, domin ƙasashen biyu suna kiran ƙulli iri ɗaya da suna daban, wanda hakan kan sa 'yar tsana ta ninka tsayin da aka nufa. Idan yaron da za a ba bai kai shekara 3 ba, wajibi ne a ɗinka idanun da zare, domin idon roba yana iya ciruwa ya shaƙe shi.

Waɗannan halittu na fim suna da masu haƙƙin mallaka, kuma kasancewar mutum ya ƙirƙiri tsarin saƙarsa da kansa bai ba shi ikon cinikin kamannin ba. A farkon 2020 kamfanin Disney ya sa an cire tallan 'yan tsanar jaririn nan na shirin The Mandalorian, wanda daga baya aka san shi da Grogu, daga shagunan masu sana'ar hannu a kasuwar intanet ta Etsy. Saƙa domin yaran gida ko domin kyauta ba ta cika jawo irin wannan ba, amma mai niyyar sayarwa ya fi mata aminci ta ɗauki wannan lissafi ta fitar da halittar da babu kamfanin da ya mallake ta, irin su Gizo da Ƙoƙi na tatsuniya, waɗanda kowace mai saƙa ke da damar ba su fuskar da ta ga ta dace.