Ilmin zaɓen ayyukan raya ƙasa

Gina rijiya ɗaya aiki ne. Haɗa rijiyoyi da makaranta da gidan likita domin raya karkara guda, shi ake kira shiri. To, idan shirye-shirye suka yawaita, kuɗi suka ƙaranta, wanne za a fara, wanne za a dakatar? Wannan zaɓe ilmi ne mai zaman kansa. A 2006 ƙungiyar PMI ta Amurka ta buga ƙa'idodinsa.

A Dakar, makarantar CESAG, wadda aka kafa a 1985, tana horar da waɗanda suka gama jami'a, har da ƴan Nijar, kan tafiyar da ayyuka. Suna koyon auna tsada da lokaci da anfani tun kafin a aza tubali, domin ginin da aka watsar rabi dukiyar talakawa ce ta salwanta.