Manyan Jakunkunan Maiƙo a Matsayin Samfurin Tantanin Ƙwayar Halitta

1.0 Gabatarwa

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani wanda kaurinsa kusan nanomita 5 ne. Shi ne ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita, kuma idan ya yage sosai ƙwayar kan mutu. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana kimiyya ke nazarin wannan tantani ta hanyar ƙera kwatankwacinsa, wato abin da za a kira a nan manyan jakunkunan maiƙo.

2.0 Asalin Samfurin

A shekarar 1925 Gorter da Grendel na ƙasar Holan suka nuna cewa tantanin jajayen ƙwayoyin jini maiƙo ne mai ruɓi biyu. Dalili kuwa shi ne, kowane ɗigon wannan maiƙo yana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, don haka jeloli suke haɗuwa a tsakiya, kawuna kuma su fuskanci ruwa. A farkon shekarun 1960 Alec Bangham na Ingila ya lura cewa idan aka zuba irin wannan maiƙo cikin ruwa, da kansa yake naɗewa ya zama rufaffun jakunkuna.

Sai dai akasarin waɗannan jakunkuna ƙanana ne ainun. Manyan su ne masu faɗin maikuromita 1 zuwa 100, wato daidai da girman ƙwayar halitta, waɗanda ake iya kallon kowace ɗaya da madubin ƙara girma. A 1969 Reeves da Dowben suka samar da su ta jiƙa busasshen maiƙo sannu a hankali. A 1986 kuma Angelova da Dimitrov na Bulgeriya suka fito da dabarar kumbura maiƙon da taimakon lantarki.

3.0 Amfaninsa

Tantanin ƙwaya mai rai cike yake da ɗaruruwan nau'o'in maiƙo da furotin, ta yadda da wuya a gane wanne ne ya haddasa me. A jakar maiƙo kuwa, mai bincike ne ke zaɓar abin da zai sa, yana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, akan tsotsi gefen jakar da siririn bututun gilashi domin auna ƙarfinta. Ta haka aka tabbatar cewa tantani yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, amma ba ya jure miƙewa: da zarar faɗinsa ya ƙaru da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, sai ya fashe.

Na biyu, idan aka gauraya nau'i biyu na maiƙo da kolestarol, akan ga tantanin ya rabu zuwa tsibirai, wasu a matse, wasu a sake. Veatch da Keller sun yi cikakken bayanin wannan rabuwa a 2003.

Har ila yau, akan cika jakar da rini mai ƙyalli, a zuba mata sinadari irin melitin na dafin zuma, sannan a kalli yadda rinin ke tsiyayewa ta hudojin da ya ɓula. Wannan gwaji yana da muhimmanci wajen neman magungunan da za su huda tantanin ƙwayoyin cuta ba tare da taɓa na ɗan Adam ba.

4.0 Kammalawa

Duk da haka, jakar maiƙo ba ƙwayar halitta ba ce. Ba ta da ƙashin furotin da ke tallafe tantani daga ciki, kuma a mafi yawan lokuta ruɓinta biyu iri ɗaya ne, saɓanin na mai rai. Saboda haka abin da take nunawa shi ne iyakar abin da maiƙo ke iya yi shi kaɗai. Duk sakamakon da aka samu daga gare ta, wajibi ne a sake gwada shi a kan ƙwaya mai rai kafin a yanke hukunci.