Gurasar Maroko da Yadda Ake Yin Ta a Gida

A ƙasar Maroko, gurasar da ake kira khubz ita ce ginshiƙin abinci, domin da ita ake cin tajin, wato nama da kayan lambu da ake dafawa a hankali cikin kaskon yumɓu mai murfi mai tsini, kuma mai ci yakan gutsuri gurasa da hannun dama ya dangwali romo, ba ruwansa da cokali. Wannan aiki shi ya tsara siffarta, shi ya sa take faffaɗa, zagayayyiya, ɓawonta da ɗan tauri, cikinta kuwa da laushi, amma ba ya dagargajewa idan ya sha miya.

Kayan haɗinta ba su da yawa: fulawa, da gishiri, da yis, da ruwan ɗumi, sai kuma smida, wato tsakin alkama mai tauri, wanda ke ba gurasar launin rawaya-rawaya da ɗan gardi. A karkara akan haɗa da garin sha'ir ko alkamar da ba a cire dusarta ba. Rabin kilo na gari yakan sha ruwa wajen mililita 300, ko da yake gari ya bambanta wajen shan ruwa, don haka gwanaye sun fi amincewa da abin da hannu ya ji a kan abin da ma'auni ya nuna.

Wurin murza kwaɓi ne ake gane gwaninta. Matan Maroko suna amfani da gas'a, wani faffaɗan akushi na yumɓu ko katako, inda suke danna kwaɓin da dunƙulen hannu, su naɗe shi, su sake dannawa, suna yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, har tsawon minti 10 ko fiye, sai ya yi sumul ya daina manne wa hannu. Dalilin wannan wahala shi ne gulutin, sinadarin da ke cikin alkama wanda murza ke mayar da shi mai danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, kuma duk kwaɓin da aka yi wa gaggawa gurasarsa takan fito da nauyi, cunkus. Daga nan sai a cura shi, a bar shi ya ɗan huta, a baje shi da tafin hannu kamar kaurin yatsa, a barbaɗa smida, a rufe da ƙyalle har kusan awa ɗaya. Alamar ya tashi ita ce a danna shi da yatsa, wurin ya dawo a hankali. Sai a huhhuda samansa da cokali mai yatsu domin tururi ya sami hanyar fita, a gasa a murhun gashi mai zafin digiri 220 na kimanin minti 20.

A tsoffin unguwannin Fas da Marrakesh, a da yawanci ba a gida ake gashin ba, domin kowace unguwa tana da farran, wato tanderun gayya da ake hura shi da itace, inda yara ke kai kwaɓi a kan faranti na katako, mai gashi kuma ya san gurasar kowane gida. Murhun gas ya rage wa wannan sana'a kasuwa, amma ba ta mutu ba. Al'ummar Amazik mazauna yankin Sus kuwa suna gasa wata gurasa mai suna tafarnut a ƙaramin tanderun laka, abin da zai tuna wa Bakano gurasar Jakara.

Wanda ba shi da murhun gashi yana iya yin batbut, wanda kusan kwaɓinsu ɗaya da khubz, sai dai ana baje shi ya fi siranta, a gasa a kan busasshen kasko ana yawan juyawa, har tururin ciki ya kumbura shi ya bar aljihun da ake cusa nama ko kifi. Wani nau'in kuma, msemen, ya fi bukatar haƙuri, domin ana shafe hannu da mai, a shimfiɗa kwaɓin har ya kusa nuna abin da ke ƙarƙashinsa, a shafa man shanu, a barbaɗa smida domin kada ninkin ya manne, sannan a ninke shi kusurwa huɗu a soya a kasko. Ana cin sa da zafinsa, da zuma da narkakken man shanu, tare da shayin na'ana'a, da safe ko bayan la'asar, kuma yana cikin abin da ake jerawa lokacin buɗa baki a watan azumi.