Yadda bashi ke taruwa a wuyan magidanta a Oyingbo da Agege

Kaso mai yawa na bashin da ke wuyan Hausawan Oyingbo da Agege a Legas ba ya shiga alƙaluman Babban Bankin Najeriya, domin ba a banki ake cin sa ba. Amana ce jinginarsa.

Ƙaramin ɗan kasuwa kan karɓi albasa ko tattasai a hannun dillali, ya biya bayan ya sayar. Idan kayan gwarin suka ruɓe, bashin yana nan. A gida kuma, mai shago kan rubuta awo a littafi, sai kwasar adashi ta zo a biya shi.

Haya ce ta fi nauyi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ko wannan ɗin ba kowa ke iya haɗa shi ba tare da rance ba.

Lamarin ya tsananta bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. A Disambar 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Wasu sun koma ga manhajojin ba da rance na waya, waɗanda hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta wajabta wa rajista a 2022 bayan koke-koken tozarta masu bashi.

Bashin jari dai ciniki ne ke biyan sa. Na abinci da haya kuwa, sai an yanko daga cefanen watan gobe.