Hawan Dutse Ba Sai Gwani Ba

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san ranar Takutaha. Mako guda bayan Mauludi, tun da hantsi za ka ga yara sun ci ado, 'yan mata hannu ya sha lalle, iyaye mata riƙe da ƙanana, kowa ya nufi Dala. Matakala ta cika maƙil, mai hawa na gogar kafaɗar mai sauka. A can sama kuma sai nune-nune: ga Kurmi can, ga hasumiyar babban masallaci, ga unguwarmu. Rana na yin sanyi a watse. Washegari dutsen ya koma hannun awaki, sai kuma baɗi idan da rai.

Abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Matar da ta hau Dala ran Takutaha da goyo a baya, ka ce mata ta zo ran Asabar a hau don motsa jini, sai ta ce, "Me na ajiye a can?" Maigidanta kuma ya ce ai wannan aikin Turawa ne. Alhali a Abuja ma'aikata har ƙungiyoyi suke haɗawa, su biya kuɗin ja-gora, su fita da sassafe ran Asabar su hau duwatsun da suka kewaye birnin. Abin da wasu ke saye da kuɗi, mu yana bayan gidanmu, kuma ƙafafunmu sun riga sun san hanyarsa.

Wani abu da ke tsorata mutane shi ne lissafi. Za ka karanta cewa tsayin Dala mita 534 ne, sai gabanka ya faɗi. To, wannan awo daga bakin teku aka fara shi. Kano kanta tana zaune a kan tudun da ya haura mita 450 daga teku, don haka abin da ƙafarka za ta hau 'yan gomomin mitoci ne kawai, matakala ɗari da 'yan kai. Haka Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira ɗari: ana rubuta masa mita 725, amma abin da ya ɗaga sama da ƙasar da ke gindinsa wajen mita 300 ne. Kafin mutum ya ɗebi iyalinsa, tambayar da ta dace ita ce: daga inda za mu ajiye mota zuwa ƙololuwa, hawan nawa ne, tafiyar kuma nawa?

Akwai wani tsohon ma'auni da masu yawon duwatsu ke aiki da shi har yau. Wani mutumin Sikotilan, William Naismith, ya fito da shi a 1892: a ba kowace tafiyar kilomita 5 awa guda, sannan a ƙara wata awar a kan kowane hawa na mita 600. Watau kowace mita 100 ta hawa minti goma ke nan. Sai dai shi Naismith ƙaƙƙarfan mutum ne, kuma a ƙasar sanyi ya yi awonsa. Wanda ke tafe da yara a ranar ƙasar Hausa ya ninka lissafin sau biyu, bai yi asara ba. Ko da an ninka ɗin, Dala ba ta wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, har da tsayawa a huta. Mai fatan rage tumbi da hawa ɗaya kuwa ya sani, abin da ya ƙona da kyar ya kai ƙosai biyu. Amfanin yana cikin maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum, kuma fitar safiyar Asabar na iya ɗauke kaso mai tsoka daga ciki.

Hakin da ke kama sabon shiga ma ba ƙarancin iska ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Ciwon da tsayin dutse ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, dutse mafi tsayi a Najeriya kuwa, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Idan kana haki a Dala, zuciya da cinyoyi ne ke ƙorafin an daɗe ba a sa su aiki ba. Maganinsa rage sauri. Tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, ita ce daidai.

Duwatsun namu ba iri ɗaya ba ne, kuma ƙafa tana gane bambancin kafin ido. Dala da maƙwabcinta Gwauron Dutse marmara ce a kansu, jar ƙasa mai arzikin ƙarfe da ta daskare ta zama hula, ta hana ruwa cinye abin da ke ƙarƙashinta. Wannan ƙarfen ne ya jawo maƙera suka zauna a wurin tun wajen ƙarni na 7, tun kafin zamanin Barbushe da Tsumburbura da tarihin Kano ke ba da labari, tun kafin zuwan Bagauda. Marmara tana marmashewa ta zama ƙananan tsakuwa masu mirginawa a ƙarƙashin takalmi, shi ya sa a Dala bin matakala ya fi yanke hanya ta gefe.

Kufena ta Zariya kuwa wata halitta ce daban. Giranit ne, irin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini da dutsen niƙa. A can cikin ƙasa ya narke ya sandare, ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasa mai laushi da ta lulluɓe shi har ya bayyana shi kaɗai a tsakiyar fili. Masana ƙasa suna kiran irinsa da wata kalmar Jamusanci mai ma'anar tsibirin dutse. Yana ɓare ɓawo kamar albasa, shi ya sa bayansa ya yi sumul kamar ƙwarya a kife, ga manyan duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka ɗora su. Irinsa ne a Dutse ta Jigawa, da Funtuwa, da tsakiyar Damagaram. Idan ya bushe, falalen giranit yana riƙe takalmin roba da kyau, har ya fi matakala daɗin takawa. Ruwa na taɓa shi sai ya zama sabulu, musamman inda ka ga baƙin zane ya gangaro, domin nan ne hanyar ruwa, gansakuka ta kwanta a kai.

A ganina Kufena ce mataki na biyu ga iyalin da suka saba da Dala. Tana dab da Wusasa, ba nisa daga cikin gari, kuma a gindinta akwai ragowar tsohuwar ganuwa, shaidar zaman da Zazzagawa suka yi a nan a kan hanyarsu daga Turunku zuwa birnin Zariya na yanzu. Yaron da ya ji labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a aji, ya zo ya dafa ƙasar ganuwar da hannunsa, labarin ya daina zama na jarrabawa kawai. Ba dole ba ne a kai ƙololuwa. Falalen farko da aka samu inuwa da iska, a shimfiɗa tabarma, ya isa fita.

Mutanen Jos su ne 'yan gata. Garin kansa yana kan wajen mita 1,200, kuma iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka sun fi Kano sanyi da digiri huɗu zuwa biyar tun kafin su taka dutse. Duwatsun Shere suna gabas da gari, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka, kuma a nan ne cibiyar horar da matasa shugabanci da juriya take da makarantarta ta dutse. Ƙololuwa mafi tsayi ta kai mita 1,829. Wannan kam yini guda ce, da ja-gora, ba ta masu goyo ba. Amma ƙananan tuddan da ke gindinta sun ishi mai koyo. Zuma kuwa a bar ta a matsayin abin kallo daga hanyar Kaduna. Gefenta a miƙe yake, ba wurin gwaji da yara ba ne.

Lokaci ya fi komai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Zariya kan kai digiri 40, dutse kuma yana shan rana ya riƙe, har ya gagari tafin hannu. Da damina ga santsi ga tsawa, mutum a kan dutse kuwa shi ne abu mafi tsayi a wurin. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu kafin ka ji rugugi: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai talatin ba, a fara sauka, kada a tsaya ɗaukar hoto. Tsakiyar hunturu akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo kan rufe gari, ka sha wahalar hawa ka tarar ba ka ganin komai sai fari, ga ƙura da ke tayar wa masu asma ciwo. Ni dai ban ga kamar kaka ba, Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama tangaran. A fita bayan sallar asuba, ƙarfe goma ta yi wa mutum a gida.

Guzurin ba shi da yawa. Ruwa shi ne kan gaba, domin mai tafiya a zafi yana iya zubar da gumi lita guda a awa. Babba ya riƙe lita ɗaya da rabi, kowane yaro da gorarsa, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. Mai sikila ya fi kowa bukatar wannan, kuma shi da mai hawan jini ko ciwon zuciya su ji ta bakin likita tukuna. Dabino, gyaɗa, ayaba, sun wadatar. Silifas da takalmi mai tsini su zauna a gida, a sa kambas mai ɗauri. Babbar riga ba ta hawa dutse. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana shiga ƙarƙashin ƙafa, iska kuma tana cika shi kamar tanti. Matsakaici da wando a ciki ya fi. Goyo a kan matakala ba laifi, amma a kan falalen dutse nauyin yana jan uwa baya.

Sai sauka, wadda ba a cika yi mata shiri ba. Mutum ya kai sama, ya ga ai an gama, hankali ya kwanta, alhali ƙafa ta gaji. Wajen gangara naman cinya yana aikin birki ne, yana miƙewa yana riƙe nauyi a lokaci guda, kuma wannan ne ke kawo tsamin jikin da ke tasowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Gwiwa ma a nan take shan wuya. A taƙaita taku, a ɗan karkace jiki, inda ya yi tsayi a zauna a ja gindi, ba abin kunya ba ne. Yara kuwa gangara gudu take sa su. Wajen hawa babba ya kasance a bayansu, wajen sauka ya kasance a gabansu. Idan ƙaramin ya fara "Baba, mun kusa?" a karo na uku, lokacin dabino ya yi, ko lokacin juyawa.

Dutse yana da masu shi. Rema da ƙadangare da birai ba ruwansu da kowa, in dai ba a nuna wa biri abinci ba. Ƙudan zuma suna yin gida a kogo, kuma jifa da hayaniya ke tunzura su. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, tana son ƙarƙashin duwatsu. Yawanta ne ya sa Kaltungo ta yi suna da asibitin saran maciji. Dokar ɗaya ce, a koya wa yara tun a mota: kada a sa hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaurewa tamau. A hana wurin motsi, a nufi asibiti.

Akwai kuma masu shi na mutane. Halin tsaro ya sa duwatsu da yawa a Zamfara da wasu sassan Katsina, Kaduna da Neja sun fita daga lissafi a yanzu, komai kyansu. Ko a inda ake zaman lafiya, a fara gaida mai unguwa ko dattawan gindin dutsen, a nemi yaron gari ya yi rakiya, a sallame shi da abin kirki. Shi ya san hanyar da ba ta da santsi, ya san wurin da mutanen gari ba sa son baƙo ya taka. A tafi a ƙungiya, a kuma bar sallahu a gida.

Dala kanta tana bukatar a dube ta. Gidaje sun matse ta har gindi, zaizaya na cin gefenta, ledoji sun yi mata yawa. Wurin da iyalai suka ƙaurace wa, wasu ne ke gaje shi, kuma na fi yarda cewa zuwan mutanen kirki a kai a kai zai gyara ta fiye da jiran wani babban aiki daga sama. Wanda ya hau da ruwan leda ya sauko da ledarsa.

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana Kano yadda ya hango ta: gidajen ƙasa, itatuwan dabino, da filaye a cikin ganuwa waɗanda ba a kai ga ginawa ba. Hoton yana nan a intanet. A sauke shi a waya kafin a fita, a miƙa wa yara a can sama, a ce su nemo abin da ya rage. Filayen sun tafi, kwano ne iyakar ganin ido. Gwauron Dutse dai yana nan yamma inda yake, Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. In an hau ƙarfe bakwai, za a sauko masu koko da ƙosai ba su tashi ba.